Maharazu da Firizar da Aka Cika Kamar Mudu

Duk wanda ya daɗe a unguwar Sabo ta Ibadan ya san Maharazu Jatau, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai furfura a gefen kunnuwa, wanda ake gani a bayan okada ya rungume wata baƙar jaka kamar mai kai mara lafiya asibiti. Gyaran firiji da firiza ne sana'arsa. Ya haura shekara ashirin yana yinta, kuma a tsawon wannan lokaci abu biyu ya tara: suna mai kyau, da jakar.

Shago kam bai taɓa samu ba. Mazauninsa ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene ne a bayan masallaci, inda yake raba inuwa da mai wankin hula da akuyar masu gidan. In ruwan Ibadan ya kece, akuyar ce ke shiga lungun da ba ya yoyo, domin ta fi shi gata a gidan. Sauran kayan aikinsa, tsofaffin injuna da murɗaɗɗun wayoyi, suna ƙarƙashin gadonsa a gida, kuma matarsa Rahamatu ta daɗe da daina tambayar ranar da za su fita.

A Sabo aka haife shi. Mahaifinsa, Malam Jatau, ɗan fataucin goro ne da ya taho daga arewa da niyyar yin damina ɗaya, sai ga shi a Ibadan aka binne shi da farin gemu. Abin da Maharazu ya fi tunawa game da tsohon shi ne yadda yake zura hannu can cikin huhun goro, ya yi shiru kamar mai sauraro, sannan ya ce a kwance wannan, zafi ya fara daga ciki. Masu kallo ganye ɗanye shar suke gani a sama, amma in an kwance sai a tarar haka ne. Malam Jatau bai taɓa yarda da abin da saman kaya ya nuna ba, kuma ya rasu a ɗakin haya. Mutanen unguwa suna yabon na farkon, suna jajanta na biyun, ba wanda ya taɓa tambaya ko akwai dangantaka a tsakaninsu.

Da Maharazu ya gama sakandare a unguwar Mokola, yana jin Yarbanci fiye da yadda mahaifinsa ke so, sai aka kai shi wurin Baba Lasisi, wani Bayarabe mai gyaran firiji a bakin titi. Dokar Baba Lasisi guda ce: ba a yanke waya sai an auna ta. Tare da Maharazu akwai Sammani, ɗan layinsu, wanda ya riga shi gane ɓangaren aikin da mutane ke kallo. Rana ɗaya aka yi musu firidom, wato bikin sallamar masu koyon sana'a, aka ci shinkafa aka yi musu addu'a iri ɗaya. Yau Sammani shagunansa biyu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Sabo cutar firiji ɗaya ce tak, gas ya ƙare. Ko ɓera ne ya ci waya, ko ƙura ce ta toshe bayan injin, ko robar ƙofa ce ta saki, mai firiji tun daga bakin ƙofa zai tare ka da cewa gas ne. Makanikin da ya zo ba tukunyar gas, kamar likitan da ya sallami mutum ba allura ne, ko an warke ba a gode masa da zuciya ɗaya. Sammani bai taɓa fita ba tukunya ba. Maharazu kuwa mita yake fitarwa, ya tsuguna, ya auna nan ya auna can, ya haɗa wata 'yar waya da ta tsinke, firiji ya tashi. Mai gida ya dube shi ya ce, "Shi ke nan?" da muryar wanda aka cuta.

Da manyan firizoji masu murfin gilashi suka fara shigowa shagunan gari, sana'ar ta canza. Waɗannan suna da sensa da kwantirola. Sensa ɗan abu ne kamar kan ashana mai kauri a ƙarshen siririyar waya, aikinsa ya ji sanyin wurin da yake ya kai rahoto. Kwantirola kuma ɗan akwati ne mai nuna jar lamba a gaban firiza. Shi ke karɓar rahoton, ya ce wa kwamfiresa, injin da ke kawo sanyi, tashi ko huta. Lokaci-lokaci yakan tsayar da komai domin ƙanƙarar da ta taru a bututun ciki ta narke. Yawancin makanikan bakin titi ba su ɓata lokaci a kan waɗannan ba. Da ɗan akwatin ya fara ƙara ko ya nuna haruffan da ba su gane ba, sai su tsallake shi, su haɗa kwamfiresa kai tsaye da wuta. Dairek ake kiran wannan aiki. Injin ya yi ta gudu ba hutu, bango ya yi farin ƙanƙara, mai shago ya yi murna, har ranar da injin zai ƙone a kira su su sayar masa da wani.

Maharazu ya koyi sababbin da kansa, daga matattun kwantirolan da yake tsinta a kasuwar gwanjo yana buɗewa a kan tabarmar Rahamatu. Bai taɓa yin dairek ba. In an matsa masa sai ya ce, wannan ai rufe wa ɗan okada ido ne a ɗaure masa totur. Mutane su yi dariya, su ce Maharazu akwai magana, sannan su kira Sammani.

A haka yake har Alhaji Labaran ya buɗe shagon kayan sanyi a babban layin Sabo.

Alhaji Labaran ɗan kasuwar hatsi ne. Ƙuruciyarsa da tsufansa a Kasuwar Bodija ya yi su, a bayan buhunan wake da masara, kuma abin da aka san shi da shi a can shi ne mudunsa. Bai taɓa auna wa mutum mudu a shafe ba. Sai ya cika, ya ɗora, ya ƙara ɗorawa har ya yi tsororuwa, ya tare da hannun hagu kada ya zube. Buhunan da ke gaban rumfarsa ma haka, kullum bakinsu a naɗe, hatsi ya yi tozo a sama, domin a wurin ɗan Bodija kayan da suka yi ƙasa a mazubi sanarwa ce cewa mai su ya fara karyewa. Da gwiwoyi suka hana shi zirga-zirgar kasuwa, sai ya bar wa 'ya'yansa rumfar, ya sayi firizoji uku tokumbo, wato na hannu daga ƙasar waje, masu murfin gilashi, ya cika su da kaji da talotalo da kifin taitus da fanla. Ya ɗauki Sakinat, wata Bayarabiya da ta yi aure a Sabo ta iya Hausa har da baƙar magana, ta riƙa sayarwa. Shi kuma ya sa kujera a bakin ƙofa. A jikin shagon akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ba kowa a ciki.

Kiran farko na gaskiya ne. Firizar tsakiya ta fara ƙara tana ƙifta wasu haruffa, kuma Sammani ya tafi Ogbomosho biki. Maharazu ya zo, ya dubi haruffan, ya ce kwantirola na cewa ya daina jin sensa. Ya bi wayar da yatsa har bayan injin, ya samu inda ɓera ya yi kalaci. Ya haɗa, ya naɗe, ya zura wayar cikin bututun roba. Jar lambar ta dawo, ta fara sauka a hankali.

"Ba gas ba ne?" in ji Alhaji.

"Ba gas ba ne, Baba Alhaji."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. "Kai ɗan Jatau mai goro ne ko? Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki, bai bar komai ba." Ya nuna ƙofar ƙarfen da sandarsa. "Ka ga ɗakin can? Ina neman wanda zai zauna kusa da injunan nan. Azumi na tafe, kaya za su yi yawa. In ka riƙe mini su lafiya har a sha ruwa a yi Sallah, mabuɗin naka ne. Ba haya."

Maharazu ya yi godiya yadda ake yi, ya fita da natsuwa, sai da ya sha kwana sannan ya tsaya ya jingina da bango.

Da ya gaya wa Rahamatu, tana tankaɗe ne, ba ta ɗago ba.

"Ɗaki mai ƙofa?"

"Ta ƙarfe."

"Yana yoyo?"

"Siling gare shi."

Ta ajiye rariyar, ta leƙa ƙarƙashin gado inda injunan suke jere kamar baƙin da suka ƙi tafiya. "To ku ji," ta ce musu, "ku fara haɗa kayanku." Sannan ta juyo. "Baban Mardiya, don Allah wannan karon ka bar mutum ya ji daɗin kuɗinsa. Ba kowa ke son a yi masa karatu ba."

"Ni karatu nake yi wa mutane?"

"A'a. Wa'azi."

Azumi ya kama, motar kaya ta zo daga Legas, kuma Alhaji da kansa ya tashi daga kujera ya tsaya a kan shiryawa. A jikin bangon kowace firiza daga ciki akwai wani jan layi da masu ƙera ta suka zana, iyakar inda kaya za su tsaya. Alhaji ya ɗauka ado ne. Ya sa aka zuba kaji har layin ya ɓace, aka ɗora, aka ƙara ɗorawa, har cinyoyin talotalo suna goga gilashi, murfin na rufuwa da ƙyar. Ya ja da baya zuwa bakin titi ya duba yadda mai wucewa zai gani, ya dawo ya ƙara kaza biyu a tsakiya don tsororuwar ta daidaita. Duk wanda ya wuce ya ce masha Allah, Alhaji Labaran ya zo da ƙarfinsa.

Ba a jima ba wata mata ta dawo da kaza a leda, ta ajiye a kan gilashi ba ta ce komai ba. Warin ya yi bayani. Washegari wani mai gidan abinci ya aiko aka dawo da kifi. Sakinat ta danna kazar sama da yatsa, yatsan ya shige. Ta dubi jar lambar, tana nuna ashirin ƙasa da sifiri, sanyi na gani na faɗa. Aka kira Maharazu.

"Boda Maharazu, e ku ishe," in ji Sakinat da Yarbanci, wato Yaya Maharazu, sannu da aiki. "Injinka ya ce muna Landan, kazar kuma ta ce muna Mokola. Ka raba mana gardama."

Ya fara daga inda Baba Lasisi ya koya masa. Ya auna wutar da ke shigowa, lafiya. Ya saurari kwamfiresa, tana tashi, amma ba ta jimawa sai ta kwanta. Ya buɗe kwantirola ya duba saitinsa, ba wanda ya taɓa. Ya sa kunne ya ji ɗan makunnin ciki yana ƙas a lokacin da ya dace. Ya duba gas, cike. Sai ya ɗora nasa ma'aunin a kan kajin sama ya rufe murfi ya jira. Ma'aunin ya tsaya a bakin sifiri, inda ƙanƙara ke fara zama ruwa.

Ya naɗe hannun riga ya fara haƙa. Yana fitar da kaji Sakinat na karɓa tana zubawa a kwali. Na sama laushi, na tsakiya da dama, na ƙasa kamar duwatsu. Can a gindi, a bakin ragar da iska ke bi, ya samu sensa a matse tsakanin daskararrun kaji biyu, ragar kuma an toshe ta da ledojin kifi. Ya ciro shi, ya tsoma a kofin ruwan ƙanƙara, ya auna da mita. Daidai yake, ko gashi bai kauce ba. Hannunsa ya yi sanyi har kafaɗa, kuma a nan ne ya tuna mahaifinsa da huhun goro, sai dai na tsohon daga ciki yake lalacewa, wannan kuwa daga sama.

"Baba Alhaji, ba abin da ya lalace."

"Madalla. To kazar da kanta ta ruɓe don ra'ayi?"

"Sensa yana faɗin sanyin inda yake ne kawai. An binne shi a cikin kaji masu ƙanƙara, sai ya ce sanyi ya isa, kwantirola ya kashe inji. Iskar da za ta zagayo sama kuma an toshe mata hanya. Ga jan layi nan. In kaya suka tsaya a nan, shi ke nan."

Alhaji ya leƙa ya ga layin, ya ga tazarar da ke tsakaninsa da murfi, tazarar da za ta ci kwali biyu.

"Wato in bar ta rabi."

"Ba rabi ba ne, Baba. Iyakarta ke nan."

"Ɗan Jatau, tun ba a haife ka ba nake awo. Ban taɓa miƙa wa mutum mudu a shafe ba. Yanzu da tsufana, a cikin azumi, a babban layin Sabo, kake so mutane su leƙo gilashi su hangi kayana can ƙasa kamar ruwan rijiya da rani? Kafin la'asar labari ya kai Bodija cewa Labaran ya karye."

"Sai a ajiye ragowar a firizar baya, a riƙa ƙarowa."

"Wanda ya zana layin nan ya taɓa sayar da ko gwangwanin gero?"

Maharazu ya ce bai sani ba. Alhaji ya ce to shi ya sani.

Duk da haka ya bari aka gwada. Aka rage kaya zuwa layi, aka buɗe raga, kafin a sha ruwa kajin sama sun yi tauri. Maharazu ya tafi gida da sauƙin zuciya. Washegari da hantsi ya biyo ya duba, ya tarar da tsororuwa ta dawo, har ta fi ta jiya kyau. Sakinat ta ɗaga kafaɗa.

"Tun da safe Alhaji ya zo. Ya ce ya kasa barci, yana ta ganin ramin."

Sai Maharazu ya yi abin da ya ɗauka dabara ce. Tun da ba za a rage kaya ba, ya zare sensa daga gindi, ya ɗaure shi can sama kusa da murfi, inda kajin da ke lalacewa suke. Yanzu injin zai fi daɗewa yana aiki, kuma lambar za ta faɗi halin da saman ke ciki. Ta kuwa faɗa. Ta tashi daga ashirin ƙasa da sifiri ta hau zuwa biyar, zuwa uku, in an buɗe murfi ta tsallake sifiri, kwantirola ya fara ƙara kamar motar da ke ja da baya. A gaban masu saye yake yi. Wata hajiya ta tambayi Sakinat ko ƙarar nan lafiya, ta mayar da kazar da ta ɗauka.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kira Maharazu, ya bar shi a tsaye.

"Da ka zo, lambar nan ashirin take nunawa, tsaf. Ka taɓa ta, yanzu yawo take yi tana kuka. Wannan shi ne gyaran?"

"Da ƙarya take yi, Baba. Yanzu gaskiya take faɗa."

"Na ɗauke ka ka gyara mini inji, ko ka sa shi ya yi mini shaida a gaban jama'a?" Ya gyara zaman hularsa. "Sammani ya dawo. Jiya ya zo gaishe ni, yaro mai ladabi. Ya ce gas ne. Ya kuma tambaye ni ko ɗakin can na haya ne."

A hanyar gida Maharazu bai hau okada ba. Ya bi ta bayan masallaci, ya tarar an yi yayyafi, akuya na kwance a lungu mai kyau, bencinsa ya jiƙe. Mai wankin hula ya ce masa an zo nemansa daga wani gida, firijinsu gas ya ƙare.

Rahamatu ba ta ce masa ya yi dairek ko kada ya yi ba. Da ya gama ba ta labari tana yankan alayyafon buɗa-baki, sai ta ce, "Wanda zai ci kazar fa?"

"In an yi dairek na saman za su fi yanzu tauri. Ba za su kai yadda ya kamata ba, amma za su fi yanzu."

"Injin fa?"

"Zai mutu. Ba bana ba, wataƙila."

"In kai ba ka yi ba?"

"Sammani zai yi gobe."

Ta ci gaba da yanka. Can ta ce, "Na riga na gaya wa Maman Abdulrahim ta ɗakin kusa za mu ba ta aron wurin ƙarƙashin gado ta ajiye buhun garinta. Sai in je in ce mata ta dakata."

Ba da gatse ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Washegari bayan azahar mutanen babban layi suka ga abin da ba su taɓa gani ba, Maharazu Jatau a bayan okada da tukunyar gas a cinya. Aro ya yi ta, kuma kusan ba komai a cikinta. Ya sauke ta a ƙofar shago da ƙara yadda kowa zai ji. Alhaji ya gyara zama, fuskarsa ta saki.

"Ashe dai gas ɗin ne."

"Za a duba komai, Baba Alhaji."

Ya zagaya bayan firizar tsakiya, ya murɗa kan tukunyar kaɗan ta yi huci a iska, ya rufe. Sannan ya buɗe jaka ya ciro almakashin waya. Ya riƙe wayar sensa tsakanin yatsu biyu. Ba ya bukatar auna ta, ya san lafiyarta ƙalau, shi ya haɗa ta da hannunsa. Ya yanke. A gurbinta ya liƙa wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa, rizisto, wanda zai riƙa gaya wa kwantirola magana ɗaya har abada. Ya zare wayar kwamfiresa daga ɗan akwatin ya haɗa ta da wuta, ya sa mata makunni a ɓoye a baya. Aikin ya fita tsaf, an naɗe kowace mahaɗa, an ɗaure kowace waya. Ba a taɓa yin dairek mai kyan wannan ba a Sabo. Ya yi wa sauran biyun haka.

Jar lambar ta tsaya a sha takwas ƙasa da sifiri, a duka ukun, ba ta ƙara motsi ba. Ƙara ta ɗauke. Injuna suka kama gurnani ba tsayawa, bango ya fara fari.

"Ka gani?" Alhaji ya ce wa Sakinat. "Na san yaron nan ya iya. Taurin kai ne kawai irin na ubansa."

Sakinat ta dubi Maharazu, ta dubi wayoyin nan uku da ke leƙowa daga aljihunsa, ta ce, "Boda, o da be," wato ya yi kyau haka, ta koma kan sikelinta.

Ranar jajibirin Sallah Alhaji ya miƙa masa mabuɗi a gaban mutane, ya yi addu'a ga Malam Jatau. Da yamma Rahamatu ta ɗauki kekuna masu ƙafa uku guda biyu, aka kwashe injunan ƙarƙashin gado, ta share wurin ta wanke da omo, ta zauna a ƙasa tana kallon fili. Wani mai fenti ya rubuta allo aka kafa a saman ƙofar ƙarfe: Injiniya Maharazu, Ƙwararre a Kan Manyan Firizoji.

Aiki bai yanke masa ba tun daga ranar. Da yake kwantirola ya daina tsayar da inji don ƙanƙara ta narke, sai ta riƙa taruwa a bututun ciki har ta toshe iska gaba ɗaya. Saboda haka duk bayan 'yan kwanaki sai Maharazu ya fito daga shagonsa, ya kwashe kaji, ya kashe makunnin baya, ya zuba ruwan zafi a buta ya narkar da hannu. Abin da ɗan akwatin ke yi a kyauta, yanzu mutum ke yi, kuma Alhaji na gaya wa kowa bai taɓa ganin makaniki mai kula irin wannan ba, kullum yana kan injunan. Kwamfiresar firizar bakin ƙofa ta ƙone bayan Babbar Sallah. Aka ce tokumbo ce, dama ta tsufa, Maharazu ya sa wata. Abokan Alhaji masu shaguna a Shasha da Bodija suka fara aikowa, kowa da buƙata ɗaya: a yi masa irin ta Labaran, lambar da ba ta yawo. Ya sayi tukunyar gas tasa. Sammani, in sun haɗu a masallaci, yanzu yana riƙe hannunsa ya daɗe, kamar ɗan'uwan da ya dawo daga doguwar tafiya.

Sensocin nan uku suna rataye a ƙusa a bangon shagon. Wani lokaci in ba aiki yakan sauko da ɗaya ya sa a mita, ya ga yana nan daidai, yana faɗin zafin ɗakin, ya mayar.

Kaza kuwa, in Rahamatu ta aiko a saya, Sakinat ba ta jira ya yi magana. Sai ta naɗe hannun riga ta zura har kafaɗa.

"Ta ƙasa zan ba ka, Boda. Ta sama ta baƙi ce."

Kwanan baya wani ɗan kasuwa ya zo daga Shasha ganin aikin da ake ba shi labari, ya tarar ranar narkarwa ce. Firizar tsakiya a buɗe, ba kaza ko ɗaya a ciki, Maharazu ya sunkuya yana tsiyaya tafasasshen ruwa daga buta, tururi na tashi yana dukan fuskarsa. Alhaji ya kama hannun baƙon ya kai shi gaban ɗan akwatin, ya nuna da sanda. Jar lambar na nan a sha takwas ƙasa da sifiri.

"Ka duba da kyau," in ji Alhaji. "Ruwan zafi ake zuba mata, ko gezau. Kafin yaron nan ya sa mata hannu, murfi kawai za ka buɗe ta fara kuka."

Baƙon ya jinjina kai, ya tambayi yaushe Injiniya zai samu lokaci ya leƙo Shasha. Maharazu ya ɗago daga cikin tururin, ya share fuska da gefen riga, ya ce ranar Talata in Allah ya kai mu, ya ɗauki buta ya tafi ƙaro ruwa.